Baƙon Goggo Saude Mai Wanka da Ƙasa

Duk wanda ya san unguwarmu a Azare ya san gidan Malam Haladu, tsohon hedimasta. Amma in za a faɗi gaskiya, ba don shi aka san gidan ba, don matarsa ce, Goggo Saude. Ni Ilu taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka abin da zan ba ku yanzu ko a gabansa zan iya maimaitawa. Iyakaci dai ya jefe ni da takalmi, shi ɗin ma ba zai same ni ba, don sai ya tashi zaune kafin ya jefa.

Goggo Saude ita ce mai riƙon dabbobin unguwa. Mace za ta tafi wankan gida, sai ta kawo mata akuyarta. Magidanci zai tafi ci-rani, sai ya kawo kajinsa. Shekararta arba'in da ɗaya a gidan Malam Haladu, kuma duk tsawon nan ko ɗan tsako na amana bai taɓa mutuwa a hannunta ba. Ba ta da gwal, ba ta da shanu, wannan sunan shi ne abin taƙamarta a duniya. In kana son ka ga ɓacin ranta, ce mata akwai wata a unguwar Matsango da ta fi ta iya kiwo.

To, ɗansu na fari, Sabi'u, yana aiki a Jos, shi da matarsa Hansatu. Ran nan a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya ɗauke rana ta dawo da fushinta, sai ga su a mota sun biyo sallama, za su wuce Kano su hau jirgi zuwa Umara. Sati uku za su yi. Bayan an gaisa, Sabi'u ya koma mota ya sauko da wani keji lulluɓe da farin zane, yana tafiya da shi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono.

Da aka yaye zanen muka leƙa, sai na ce a'uzubillahi. Wani ɗan abu ne kamar an haɗa zomo da kurege aka ara masa kunnuwan ɓera. Launinsa na toka, gashin bakinsa ya fi na soja tsawo, jelarsa buzu-buzu, ya zauna a kan ƙafafun baya ya naɗe 'yan hannuwansa a ƙirji yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, kai ka ce mu aka kawo masa ajiya. Wai sunan irinsa cincila, asalinsu duwatsun wata ƙasa mai sanyi can bayan teku. Wata likita baƙuwa da Hansatu ta yi aiki da ita ce ta bar mata shi da za ta koma ƙasarsu. Hansatu ta raɗa masa suna Gajimare, kuma yadda take ji da shi, ko ɗan da ta haifa sai haka.

A nan fa alkunya ta yi mana aikinta. Sabi'u ɗan fari ne, Goggo ba ta taɓa kama sunansa ba, in za ta yi masa sannu da zuwa bango take kallo. Hansatu kuwa suruka ce, ta durƙusa can bakin ƙofa ta ja mayafi har hanci. Bayanin da ya kamata ya ci rabin awa sai ya ƙare a magana biyu.

Hansatu ta ce da ƙasa-ƙasan murya, "Goggo, ga shi nan. Amana."

Goggo ta ce wa bango, "Allah ya ba mu ikon riƙewa."

Ita Hansatu ta san za a yi haka, don haka tun a Jos ta rubuta komai a takarda, gaba da baya. Amma ina suruka ina miƙa wa uwar miji takardar yi kaza bari kaza? Sai ta ba mijinta, shi kuma ya miƙa wa ubansa ya ce, "Baba, ga bayanin komai a nan, a karanta wa Goggo." Suka sauke wani buhun busasshiyar ciyawa, da gwangwanin wani gari mai launin toka, da ɗaurin 'yan itatuwa sirara, da wani falalen dutse mai santsi. Ba wanda ya ce uffan a kansu. Suka shiga mota suka tafi, Hansatu tana waiwaye tana share ido.

Yanzu sai na gaya muku labarin ɗakin Malam Haladu. Bara Sabi'u ya sa wa ubansa sola da na'urar sanyaya ɗaki saboda hawan jini. Tun daga ranar Malam ya shige ɗakin nan ya ja ƙofa. Daga hantsi zuwa azahar barci, daga azahar zuwa la'asar ƙarin barci. Ko Goggo a bakin ƙofa take ajiye kwanon abinci, wai yawan buɗewa yana fitar da sanyi. Baƙo in ya yi sallama, daga ciki za ka ji murya tana cewa, "A ce masa na kwanta."

Malam ya sa tabarau ya buɗe takarda. Ina kallonsa ya karanta layin farko, ya tsaya, ya sake karantawa, ya dubi ƙofar ɗakinsa, ya dubi kejin. Sai ya ninke takardar gida huɗu ya cusa a cikin hula ya mayar ka.

Goggo ta ce, "Malam, me aka rubuta?"

Ya ce, "Gaisuwa ce da addu'a. Wai a kula da shi."

"Takarda cike gaba da baya duk gaisuwa?"

"Yarinyar akwai ladabi."

Da yake ba a ce komai a kan kayan da aka sauke ba, sai aka ɗauke su tsaraba, kuma hedimasta da kansa ya yi rabo. Ciyawa ya ce ta ragonsa ce. Itatuwan ya ɗauki ɗaya ya tauna ya ce bai taɓa jin aswaki mai daɗin wannan ba, na Jos daban ne. Dutsen ya kai ɗakinsa yana ɗora ƙafa, wai yana riƙe sanyi. Garin gwangwani kuwa ya murza da yatsa ya ce siminti ne irin na Turawa, gobe zai liƙe tsagewar dokin ƙofa. Goggo ta ɗauki keji ta ajiye a rumfar tsakar gida kusa da randa, inda take ajiye duk wata amana.

Kashegari da safe na shigo shan koko kamar kullum, na tarar Goggo ta ɗumama ruwa a ƙaramin baho, ga sabulu ga soso ga ɗan tawul. Na ce me za a yi? Ta ce, "Baƙo ya kwana a gidana ya sha hanya, a ce ban ba shi ruwan wanka ba? Baƙonka fa annabinka." Gefe guda Malam ya tsuguna a dokin ƙofa yana kwaɓa rabin simintinsa, sauran ya zuba a tsohon faranti ya ajiye.

Goggo ta buɗe keji ta miƙa hannu. Gajimare ya dubi ruwan nan, ya yi wani ɗan haushi kamar na ɗan kwikwiyo mai mura, sai kawai muka ga abu ya wuce ta saman kafaɗarta. Daga kafaɗa sai kan turmi, daga turmi sai kan taga, daga taga sai tsakiyar farantin Malam. Kafin mu ankara ya kwanta yana birgima, ya juya dama ya juya hagu, ya tona da hannu, ya sake birkicewa, ƙura ta tashi ta rufe wa hedimasta tabarau.

Malam yana tari yana cewa, "Simintina! Ilu, kama shi!"

Na ce, "Bar shi, taimama yake yi."

Ya ce, "Ga ruwa a gabansa zai yi taimama? A wane littafi?"

Goggo ba ta yi dariya ba, ido kawai ta zuba. Da abin ya gama ya girgije, sai ga gashinsa ya tashi luf-luf yana sheƙi, ya fi yadda aka kawo shi kyau. Da kansa ya koma keji ya zauna yana gyara gashin baki. Goggo ta ɗauki bahon ta juye wa bishiyar lemo, ta ɗauke farantin daga gaban Malam ta ce, "Kowane baƙo da al'adar garinsu. Wannan ba simintinka ba ne, ruwan wankansa ne." Wanda Malam ya kwaɓa kuwa har yau bai kama ba, kaji ne suke wasa a wurin.

Kafin azahar labari ya gama unguwa, wai an kawo wa Goggo zomon Turawa mai sallah. Mata suka cika gidan. Wannan ta leƙa, waccan ta tafa, wata ta kaɗa keji don ya farka, shi kuwa ya shige ɗan akwatinsa na cikin keji ya juya musu baya. Sai Iya Barmani mai ƙosai, wadda ba ta ganin abu ba ta taɓa ba, ta zura hannu ta damƙo shi ta gadon baya. Ya yi zillo ya kuɓuce, ya bar mata gashi cike da hannu.

Wallahi sai da Goggo ta dafe ƙirji. Ta karɓi gashin nan ta ƙulle a bakin hankici, sannan ta kori matan nan kaf, har da waɗanda ta yi wa wankan jego. Tun daga ranar duk wanda ya yi sallama don ganin Gajimare, amsa ɗaya yake samu: "Ya kwanta."

Batun abinci ma an sha fama. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi kamar na kaji da aka zo da su a cikin kejin, su yake ɗan ci, amma Goggo ta ce wannan ba abincin da za a ba baƙo ba ne. Ta kai masa tuwo da miyar kuka, ya sansana ya juya baya. Ta kai masa tsokar kaza, ya yi mata wani kallo kamar ta zage shi. Da ta miƙa masa ɓarin dabino kuwa, sai ya karɓa da hannu biyu ya cinye ya miƙo hannu yana neman ƙari. Goggo ta ji daɗi, amma wani abu ya hana ta ƙarawa. Ta ce, "Duk wanda ya karɓi zaƙi da rawar jiki irin haka, to an hana shi ne. Na san irin kallon nan." Malam, wanda likita ya hana shan suga tun shekara shida, ya yi kamar ba da shi ake ba.

Rana ta uku ce ta zo da tashin hankali. Ranar ko iska ba ta motsi, kwanon rumfa ya ɗau zafi har yana ƙara. Bayan azahar Goggo ta aiko a kira ni. Na tarar da ita durƙushe gaban keji tana fifita da mafici, hawaye yana bin fuskarta. Gajimare ya kwanta ta gefe ɗaya ya miƙe ƙafafu, kunnuwansa sun yi ja wur, numfashi sama-sama. Ban taɓa ganin Goggo tana kuka ba sai ranar, kuma na ji tausayinta har cikin raina.

Ta ce, "Ilu, shekara arba'in da ɗaya. A ce amanar farko da za ta mutu a hannuna ta matar yaron nan ce? Da wane ido zan dube ta?"

Na ce a kira su a waya mana.

Ta ce, "Ni in kira yaron nan in ce masa me? Malam kuma ya ce layinsu ba ya shiga." Ta sake duban abin. Can ta ce, "Tun jiya yake manne wa gefen da randa take. Ka ga kunnen nan? Ka ga haki? Wannan ba ciwo ba ne, zafi ne. Haka Malam ya yi ranar da na'urarsa ta lalace."

Ta miƙe ta sungumi keji ta nufi ɗakin sanyi. Ba ta yi sallama ba, da ƙafa ta tura ƙofa. Malam ya zabura daga barci ya tare hanya, aswakin Jos a bakinsa.

"Saude, lafiya? Ɓera a ɗakina?"

"Ba ɓera ba ne, amana ce. Matsa."

"Ɗakin nan likita ne ya ce..."

Ni kuma da ma tun shekaranjiya hular nan take tsone mini ido. Taubashi ai ba ya neman izini. Na kai hannu na fizge ta, takarda ta faɗo a tsakiyarmu. Malam ya kai ƙafa zai take, na riga shi. Na buɗe na shiga karantawa da ƙarfi, irin karatun da shi ya koya mana a aji uku.

Layin farko cewa ya yi: don Allah Goggo a yi haƙuri, ba umarni ba ne, amma a ajiye Gajimare a ɗakin Baba mai na'urar sanyi, domin zafi yana kashe irinsu cikin yini ɗaya. Daga nan ta zayyano saura. Kada ruwa ya taɓa jikinsa, gashin ya cika yawa ba ya bushewa, sai ya jawo masa ciwo. Garin gwangwani shi ne na wankansa, a zuba masa sau biyu ko uku a sati. Ciyawar buhu ita ce ainihin abincinsa, kada ta yanke masa. Itatuwan na gwaguya ne, haƙoransa ba sa daina tsiro, in bai samu abin ci da su ba sai su hana shi cin abinci. Dutsen na kwanciyarsa ne in ya ji zafi. Kada a damƙe shi, in ya tsorata gashi yake saki. Kada a tashe shi da rana. Kada a ba shi zaƙi ko maiƙo ko ya roƙa, don zai roƙa.

Na gama na dubi Goggo.

Goggo ta ce, "Ilu, maimaita mini gaisuwar farko."

Na maimaita.

Ta ce, "Lallai yarinyar akwai ladabi."

Ta ratsa ta gefen Malam ta ajiye keji nesa da bakin na'ura yadda iska ba za ta buge shi kai tsaye ba, ta sunkuya ta zare dutsen daga gindin gadon Malam, ta goge shi da bakin zane har sau uku, ta shimfiɗe Gajimare a kai. Muka zauna muna kallo. Wajen la'asar kunnuwan suka fara komawa launinsu. Can ya ɗaga kai, ya ja jiki ya kama bakin gorar ruwansa ya sha. Goggo ta ce alhamdulillahi ya fi sau goma, kuma da yamma ta dama fura ta raba sadaka.

Sai aka shiga ƙwato kaya. Rago ya riga ya ci kusan rabin ciyawa, aka ƙwace saura yana kuka. Itatuwa goma sha biyu ne, Malam ya tauna huɗu, ya yi wa liman da ladan kyautar ɗai-ɗai. Goggo ta ce ya je ya karɓo, ya ce shi ba zai tsaya gaban liman ya ce a dawo masa da aswakin ɓera ba. Na ce ni zan je. Ya ce in na je ya tsine mini. Har yau liman yana tambaya ko za a sake kawo irin na Jos ɗin nan.

Malam ya yi fushi ya ce shi da ɗakin nan har abada, tunda an fifita dabba a kansa. Ya ɗauki tabarma ya koma zaure. Har abadan nasa bai kai la'asar ɗin kashegari ba, muka gan shi ya dawo jiƙe da gumi yana cewa ya zo ɗaukar carbi ne. Carbin da bai gama ɗauka ba ke nan har sati uku suka cika.

Wadda ta ci ribar abin ita ce Goggo. Ta ce mai jinya ba ta nisa da majinyaci, ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakin da ta shekara ba ta taka ba, tana tsinkar zogale a cikin sanyi abinta. A nan ta karanci halin baƙonta tas. In ka bi shi, gudu yake. In ka zauna shiru ka ajiye hannu ka yi kamar ba ka damu da shi ba, sai ya zo da kansa ya sansana ya hau. In an matsar masa da kwano daga inda ya saba, sai ya yi zuciya ya juya baya har sai an mayar. Yini yake barci, amma da an kira magariba sai ya farka da ƙarfinsa, ya yi ta tsalle daga bango zuwa bango kamar an biya shi. Kafin sati biyu ya fara hawa kafaɗar Goggo yana leƙa abin da take yi, ita kuma tana yi masa hira, har da ba shi labarin mutanen unguwa.

Tsakaninsa da Malam kuwa sai a hankali. Ranar farko da aka sake shi ya zaga ɗaki, kai tsaye ya nufi matashin Malam ya kama tono. Goggo ta ɗaga matashi, sai ga gwangwanin dabino da alewar madara. Ta ɗauke ta ce wa Malam, "Kai ba ka ci, shi ma ba ya ci." Malam ya nuna Gajimare da yatsa ya ce, "Munafuki! A ɗakina kake kwana kake kai rahotona." Bayan kwana biyu Gajimare ya rama zagin, ya gwaguye masa ƙafar tabarau ɗaya, sai da aka ɗaure da zare.

Duk da haka, ran nan na shigo da hantsi ban yi motsi ba, na tarar da su biyun. Malam kwance rigingine, aswaki a gefen baki. Gajimare kwance a kan dutsensa, itace a hannu, barci ya kwashe shi bai gama gwaguya ba. Wata rana kuma na ji Malam yana fassara masa labaran rediyo, har yana tambayarsa, "Ka ji fa, kai a ganinka wannan daidai ne?" Da na yi gyaran murya sai ya ce shi da kansa yake magana.

Ranar da matafiya suka dawo, Hansatu ko zama ba ta yi ba, idonta yana ta yawo a tsakar gida. Goggo ta fito daga ɗakin sanyi, Gajimare zaune a kafaɗarta, ya yi ɓul-ɓul, gashi sai sheƙi yake, inda Iya Barmani ta tuge har ya fara cikowa. Hansatu ta durƙusa ta fashe da kukan murna a cikin mayafi.

Goggo ta kwance bakin hankici ta ajiye ƙullin gashin nan a gabanta, ta ce wa bango, "Wannan a hannuna ya zube. Ban so a ce an kawo abu cikakke na mayar da shi da ragi."

Hansatu tana kuka tana dariya. Ta miƙa hannu ta kira Gajimare, ya sansana yatsunta, ya yi ɗan kukansa na murna, ya hau hannunta, sannan ya sake tsallakawa kafaɗar Goggo ya zauna. Hansatu ta raɗa wa mijinta magana, shi kuma ya dubi ƙasa ya ce, "Wai ko likitar da ta ba ta shi sai da ta shekara kafin ya yarda ya hau kafaɗarta. Wai tana mamakin inda Goggo ta koyi halinsa."

Kafin Goggo ta buɗe baki Malam ya gyara zama a kan kujera, ya tura tabarau mai zare, ya ce, "Ai komai ilimi ne. Takarda in ta samu mai karanta ta, shi ke nan."

Tari ya sarƙe ni, sai da Sabi'u ya miƙo mini ruwa.

Malam ya harare ni ya ci gaba. "Amma ni fa, Sabi'u, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Shi wannan abin, shekara nawa yake yi a duniya?"

Sabi'u ya ce, "In an kula da shi, Baba, sha biyar, har ashirin ma yana kaiwa."

Malam ya cire aswaki daga baki. "Ashirin! La'ilaha illallahu. Akuya ta ba ka nono, kaza ta ba ka ƙwai, kare ma ya yi maka gadi. Wannan fa? Yini barci, ba ya son baƙi, ba a taɓa kayansa, a ba shi abinci ya juya baya, ya ga zaƙi jikinsa na rawa, aikinsa ke nan tauna itace da neman ɗaki mai sanyi. A ce mutum da hankalinsa ya zauna yana yi wa irin wannan ɗawainiya har shekara ashirin? Wa zai iya?"

Goggo tana sosa wa Gajimare ƙarƙashin haɓa, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Ashirin ɗin farko ce mai wuya, Malam. Daga nan sai a saba."